Yadda zaka samu ma'aikacin soshiyal welfe a Accra, da yadda zaka duba ko inshora zata biya

'Yan uwa na Nima da Maamobi da Sabon Zongo da Madina, in akwai wanda damuwa ta kwantar a gida, baya barci, baya son magana da kowa, ko matar da ta haihu tana ta kuka ba dalili, ko yaron da tramol ya birkita, to ba lallai sai an ɗauke shi an kai asibitin masu taɓin hankali na Pantang kai tsaye ba. Ku fara da asibitin gwamnati da ke kusa daku, kamar na Maamobi, ku tambayi ofis biyu: inda nas ɗin masu taɓin hankali da damuwa ke zama, da kuma ofishin soshiyal welfe. Manyan asibitoci irinsu Korle Bu da Ridge suna da su, ofishin asambili na yankinku ma yana da sashen soshiyal welfe.

Ma'aikacin soshiyal welfe baya rubuta magani, wannan na likita ne. Aikinsa ya zauna daku ya saurara, ya duba halin da gidan ke ciki, wa ke ciyarwa, wa ke kula da mara lafiya, akwai duka ko korar mata, yara na zuwa makaranta ko a'a, sai ya haɗa ku da inda ya dace, in kuɗin asibiti ya fi ƙarfinku shine zai rubuta rahoton da za'a duba a sassauta muku, in maganar duka ce ya tura ku DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. A ganina wannan ofishin mutanenmu sun fi kowa sakaci dashi, muna jin kunya wai kar a ji sirrin gida, alhali dan wannan aka ajiye su kuma aikinsu ya hana su yaɗa maganarka. In Hajiya bata jin Turanci ko Twi sosai ku faɗa tun farko, ko ku tafi da wanda ta yarda dashi ya fassara, amma dan Allah ba wanda ake rigimar dashi ba.

To maganar inshora. Kafin ka hau trotro ka danna *929# a wayarka ka duba ko katin NHIS ɗin, wato inshorar lafiya ta gwamnati, na raye, in ya mutu nan take zaka sabunta da momo, akwai kuma manhajar MyNHIS. Ka haɗa lambar NHIS ɗin da Ghana Card ɗinka in baka yi ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, tsofaffi daga 70, masu juna biyu, masu karɓar LEAP wato tallafin kuɗi na gwamnati ga marasa ƙarfi, da masu larurar ƙwaƙwalwa doka ta ɗauke musu kuɗin shekara, saidai ka tambayi ofishin NHIS na yankinka wace takarda zaka kawo.

Daga Nuwamban 2024 an saka cututtuka huɗu cikin abinda inshorar ke biya: ciwon damuwa mai tsanani, yawan fargaba, baifola wato yanayin mutum ya riƙa juyawa tsakanin zumuɗi mai yawa da damuwa, da sikizofreniya wato wanda mutum ke jin muryoyi ko ganin abinda babu. Dama tun 2012 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Act 846, tana nan. Amma fa kar ka ɗauka komai kyauta ne, anan ake samun rikici da masu karɓar kuɗi. Inshora asibitin da ta yiwa rajista take biya, da magungunan da ke cikin jerinta. Saboda haka kafin a buɗe folda ka tsaya a tebirin inshora kayi tambaya ƙarara, ganin likita na ciki? zama da mai bada shawara fa, shima na ciki ko daban ake biya? in aka kwantar dashi har ina inshora zata tsaya? maganin da aka rubuta yana cikin jeri, kuma akwai shi a famasin nan ko sai na siya a waje? Duk abinda ka biya ka karɓi rasit. In zasu tura ka Pantang ko asibitin masu taɓin hankali na Adabraka ko Korle Bu kar ka fita sai da takardar turawa a hannunka.

Asibitoci da masu bada shawara masu zaman kansu na East Legon da Osu kuwa, yawanci aljihunka ne. In wajen aikinka sun maka inshorar kamfani ka kira lambar da ke bayan katin ka tambaya ko suna biyan irin wannan zama, sau nawa a shekara, kuma wa suka yarda dashi. Wanda duk yace shi kansila ne, wato mai bada shawara, ko masanin halayyar ɗan adam, ka nemi ganin lasisinsa na Ghana Psychology Council, ba rashin kunya bane, yanzu kowa a Facebook kansila ne.

Ruƙiyya da addu'ar malam aci gaba dasu, ba wanda ya hana, kawai kar a dakatar da magani saboda su, kuma ku faɗawa nas duk rubutu ko sassaƙen da yake sha. In mutum ya fara maganar kashe kansa ko yana neman illata wani, ku manta da kati da folda, ku kira 112 ko ku kaishi imajensi mafi kusa, maganar inshora a yita daga baya.