Darasi na Bakwai: Kogin Kubanni Daga Mafarinsa Zuwa Galma

Ba kowane kogi ne ke kai ruwansa teku da kansa ba. Akwai ƙananan koguna da ke tafiya kaɗan sannan su zuba a cikin wanda ya fi su girma, kuma irinsu ake kira reshen kogi. Kubanni, wanda ya ratsa Zariya a Jihar Kaduna, yana cikinsu.

Kubanni ya taso ne daga tudun Kampagi da ke yankin Shika, arewa maso yamma da Zariya, ya nufi kudu maso gabas saboda can ne ƙasa ta fi gangara. Tsawonsa bai wuce kimanin kilomita 21 ba. A farkon tafiyarsa ƙananan rafuka suna kawo masa ruwa, har ya shiga filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda aka tare shi da madatsa a 1973 domin jami'ar ta sami ruwan sha. Daga nan ya gangara cikin gari, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya wuce ƙarƙashin gadar da ake kira da sunansa, sannan ya zuba a Kogin Galma. Galma ya kai ruwan Kogin Kaduna, shi kuma ya kai shi Kogin Neja a ƙasar Nufawa.

Halin kogin yana bin yanayin shekara. Da damina yakan cika har ya malala a fadamun da ke gefensa, da rani kuwa yakan janye sosai, yashi ya fito fili. A lokacin ne masu lambu ke kafa injinan ban-ruwa a gaɓarsa, suna noman tumatir da albasa da alayyafo.

Abin da ya fi dacewa mai karatu ya lura da shi shi ne madatsar. Idan aka nome gaɓar rafi har bakin ruwa, ko aka sare itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe ƙasa, ruwan sama yakan kwashe ƙasar ya gangara da ita. Da ruwan ya iso madatsa sai gudunsa ya ragu, laka da yashi su kwanta a ƙasa, shekara bayan shekara, har wurin da ke riƙe ruwa ya ragu. Haka kuma sharar da ake zubawa a magudanun unguwanni takan isa ga masu lambun da ke ƙasa, waɗanda ba su da hannu a zubar da ita.

Aiki: Ku ɗauki takarda ku zana rafin da ya fi kusa da garinku. Ku nuna mafarinsa da ƙauyukan da ya ratsa, ku ja kibiya zuwa inda ruwan ke gangarawa, sannan ku tambayi dattawan gari sunan kogin da yake zubawa a ciki, ku rubuta shi a ƙarshen zanen.