Yadda za ka karanta rahoton Ryan ba ka ruɗe ba

Rahoton nan da kwamitin Mai Shari'a Sean Ryan ya fitar a Ireland a 2009 kan cin zarafin yara a makarantu da gidajen kula da yara kundi biyar ne, shafi sama da 2,000, kar ma ka ce za ka haɗiye shi dare ɗaya. Fara da taƙaitaccen bayanin tukuna, sai ka faɗa kundi na ɗaya ka nemo babin Artane, makarantar koyon sana'a ta ƙungiyar Katolika mai suna Christian Brothers a Dublin da aka rufe a 1969, nan za ka ga duka da yunwa da lalata da yara maza, wallahi sai ka riƙa ajiyewa kana shan iska. Sunayen waɗanda ake zargi fa na aro ne, kar ka wahalar da kanka a Google. Shaidar waɗanda abin ya shafa tana kundi na uku.