Yadda za ka tsara gwajin zaiba a kan ɓeraye masu ciki

Toh, duk wanda sufabaiza ya ɗora wa furojet na zaiba, wato makuri, a kan ɓeraye masu ciki, ya saka a ransa tun farko cewa uwar tana iya zama garau, 'ya'yan ne ke shan illar. Haka aka gani a Minamata ta Japan bayan 1956, mata sun ci kifi mai metilmakuri, wato wani nau'in zaiba mai guba, wasunsu ba su ji jiki sosai ba amma suka haifi yara da lalurar ƙwaƙwalwa don gubar tana ratsa mabiyiya. A 1972 wata mai bincike, Joan Spyker, ta gwada a kan ƙananan ɓeraye, 'ya'yan a ido lafiya lau, sai da aka jefa su a ruwa aka ga iyonsu ba daidai ba.

Kafin ka taɓa kwalba ka karɓo izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarku. Kuma safar roba irin ta asibiti kada ta ruɗe ka, Karen Wetterhahn farfesa ce a Amurka, ɗan ɗigon daimetilmakuri, wani nau'in zaibar, ya ratsa irin wannan safar ta rasu a 1997, don haka ka bari mai kula da lab ya tsaya a kanka wajen haɗa ruwan zaibar da za ka ba ɓerayen.

Ka haɗa mace da namiji a keji da yamma, da safe ka ɗebi ruwan gabanta ka duba a maikiroskof, in ka ga maniyyi wannan ce ranar sifili, daga ita za ka fara ƙirga kwanakin cikin. Cikin farar ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. Ka raba iyayen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ɗaya ruwa zalla, sauran da zaiba awo daban-daban, ka riƙa auna nauyinsu da ruwan da suka sha kullum. Ka duba buhun abincinsu ma, in akwai garin kifi a ciki to wataƙila har rukunin ruwa zallan suna cin zaiba ba ka sani ba.

Ga inda yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Uwa uku ta haifi 'ya'ya 30 sai mutum ya rubuta wai yana da samfur 30, a'a malam, uku gare ka, don 'yan ciki ɗaya jini ɗaya suka sha nono ɗaya suke sha, uwa ake ƙirgawa. Bayan haihuwa ka rage 'ya'yan kowace uwa zuwa 8, maza 4 mata 4 in ya samu, don kada yunwa ta shigo lissafi. In kana so ka raba illar ciki da ta nono sai ka musanya, 'ya'yan wadda ta sha zaiba ka ba wadda ba ta sha ba ta shayar.

Sai rubutu kullum. Ka kwantar da jariri rigingine ka ƙirga sakan nawa ya juya, ka rubuta ranar da kunne ya ɗago da ranar buɗe ido, wajen kwana 14 ko 15, yaye kuma a 21. Daga nan sandar da ke juyawa don gwada tafiya, da bahon ruwa na Morris don gwada tunawa da hanya, kuma wanda ke riƙe agogo kada ya san rukunin da ɓeran ya fito, ido yana da son kai.

Kada ka dogara da awon jini kaɗai, jinin ɓera yana riƙe zaiba sosai fiye da na mutum, abin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa kaɗan ne, ita za ka auna. In kuɗin abinci ya isa ka ajiye wasu har su manyanta, akwai illar da ba ta fitowa sai ɓera ya fara tsufa.