Yadda Za a Taimaki Yaro Ya Riƙa Ba Mahaifinsa da ke Nesa Labarin Gida da Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana waya da mahaifinsa da ya daɗe ba ya gida ya san yadda hirar kan kasance. Uban ya ce, "Yaya makaranta?" yaron ya ce, "Lafiya lau." Ya ce, "Kana dai karatu ko?" ya ce, "E, Baba." Daga nan sai shiru ya biyo baya, kowannensu yana jiran ɗan'uwansa, har yaron ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar ya fice wajen wasa. Sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin alamar cewa shaƙuwa ta ragu, alhali abin da ya faru ya fi haka sauƙi: uban bai san sunan malamin ajin ba, bai san abokin da aka yi faɗa da shi jiya ba, saboda haka ba shi da abin tambaya, shi kuma yaron bai san ta inda zai fara ba. Aikin mai riƙon yaron, ko uwa ce ko wani dangi, shi ne ya samar wa mutanen nan biyu abin da za su yi magana a kai.

Dalilan da ke raba uba da ɗansa suna da yawa, kama daga neman abinci a wata ƙasa, da aikin soja, da karatu mai tsawo, zuwa mutuwar aure ko zaman gidan yari. Ko wane ne dalilin, hulɗa da uba haƙƙin yaron ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aka amince da ita a ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta faɗa a sashe na 9 cewa yaron da aka raba da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da shi kai tsaye kuma a kai a kai, sai fa idan hakan zai cutar da yaron. Sashe na 10 ya faɗaɗa maganar ga yaron da iyayensa ke zaune a ƙasashe daban-daban. Togaciyar nan ta cutarwa tana da muhimmanci, domin duk abin da ke tafe a nan ya shafi uban da babu fargabar zai cuci ɗansa ne.

Abu na farko shi ne a tsayar da lokaci, a kuma riƙe shi. Kiran minti goma da yaro ya san zai zo kowace Laraba da Asabar ya fi masa amfani a kan hirar awa guda da ba a san ranar da za ta sake faruwa ba. Ƙaramin yaro bai gane ma'anar "mako mai zuwa" ba tukuna, don haka yana da kyau a rataye kalanda inda idonsa zai kai, a zagaye ranakun kiran da biro, a bar shi ya riƙa soke kowace rana da hannunsa. Idan akwai bambancin agogo tsakanin wuraren biyu, a zaɓi lokacin da yaron ya dawo daga makaranta ya huta, kada a tashe shi daga barci ko a kira shi daga tsakiyar wasa, domin zai amsa ne yana alla-alla a gama. Shi kuma uban ya tuna cewa alkawari kaya ne. Ranar da ya ga ba zai samu damar kira ba, ya aiko da saƙo tun da wuri ya faɗi ranar da zai rama.

Daga nan sai a ba uban kayan aiki. A farkon kowane zangon karatu a ɗauki hoton jadawalin darussa a aika masa, tare da sunayen malamai da na abokan yaron biyu ko uku, da ranakun gwaji da na hutu. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ne ke sauya hirar baki ɗaya. Uban da ya san cewa ana yin lissafi ranar Talata zai iya cewa, "Malaminku ya dawo muku da takardun gwajin nan da ka ce ya ba ka wuya?" Wanda ya san sunan abokin zaman ɗansa a benci zai tambaya ko sun shirya bayan saɓanin da suka samu a kan fensir. Tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a" tana rufe hira, amma irin su "Me ya ba ka dariya yau?" ko "Wa aka tura allo, kuma me ya rubuta?" suna buɗe bakin yaro. Haka kuma uban ya riƙa ba da nasa labarin: ya nuna ɗakin da yake kwana, da hanyar da yake bi zuwa aiki, ya faɗi abin da ya gajiyar da shi ranar. Idan kullum shi ne mai tambaya, yaron zai ji kamar ana yi masa jarrabawa ta baka.

Yara suna saurin mantuwa, kuma abin da ya cika musu ciki ranar Litinin ya ɓace kafin Laraba. Maganin wannan shi ne ƙaramin littafin rubutu da za a keɓe don labaran Baba kawai. Wanda ya iya rubutu ya rubuta layi ɗaya a duk yini, wanda bai iya ba ya yi zane, a rubuta masa bayani a ƙasa da kalmominsa shi kansa, ba tare da an gyara masa ba. Idan lokacin kira ya yi sai ya buɗe littafin a gabansa. Tsakanin kira da kira kuwa, saƙon murya ta WhatsApp ko makamancinsa yana da fa'idar da kiran kai tsaye ba shi da ita, domin yaron zai iya sake sauraren muryar mahaifinsa sau goma kafin ya yi barci. A bar shi ya karanta shafi ɗaya na littafin karatunsa a naɗa, da tuntuɓen harshensa da komai, a kuma ɗauki hoton littafin aikinsa da jan biron malami a jiki, har da shafukan da ya faɗi. Inda babu damar waya, kamar gidan yari ko wasu wuraren aikin soja, a cire shafukan littafin labaran Baba a haɗa da wasiƙa.

Ga ƙananan da ba su fara magana sosai ba, kiran bidiyo ya fi kiran murya, kuma ko Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, wadda a shawararta ta 2016 ta ce a nisanta yaran da ba su kai wata 18 ba daga kallon allon waya da talabijin, ta ware kiran bidiyo daga cikin hanin. Sai dai a gajarta shi, uban ya yi waƙa ko wasan ɓuya da fuskarsa, wani babba kuma ya zauna kusa yana nuna wa yaron wanda ke magana.

A ganina inda aka fi yin kuskure shi ne wajen labari marar daɗi. Da zarar "Bari babanka ya kira in gaya masa" ta zama bulalar gida, to an mayar da ranar kira ranar shari'a, kuma yaron zai fara ɓuya idan waya ta yi ƙara. Idan sakamakon jarrabawa bai yi kyau ba, ko an kawo ƙara daga makaranta, manya su fara tattaunawa a tsakaninsu, sannan a ba yaron dama ya faɗa da bakinsa. Kada kuma a mayar da shi ɗan aike, a ce ya tuna wa mahaifinsa kuɗin makaranta, ko uban ya riƙa bugun cikinsa don jin wa ya shigo gidan da wa ya fita. Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai sukan zaci wani laifi nasu ne ya kori mahaifinsu, don haka suna bukatar a faɗa musu ƙarara, fiye da sau ɗaya, cewa tafiyar ba ta da alaƙa da wani abu da suka yi.

Yana da kyau malamin ajin ya san halin da ake ciki, a kuma roƙi makaranta ta sa lambar uban cikin waɗanda take aika wa sanarwa idan dokarta ta ba da dama.

Akwai ranar da yaro zai ce ba ya son magana, musamman idan ya fara tasawa, lokacin da ya fi son ya rubuta gajeren saƙo da kansa ba tare da kowa na saurare ba. Kada a tilasta masa. A ce wa uban yau ba ya jin hira, a bar shi ya gaishe shi kawai. Mafi wuya ita ce ranar da yaron ya shirya da littafinsa a hannu, wayar kuma ta ƙi ƙara. A nan kada a ƙirƙiro wa uban uzurin ƙarya, kada kuma a aibata shi a gaban ɗansa. A ce masa, "Baba bai kira ba yau, kuma na ga ranka ya ɓaci," sannan mai riƙon nasa ya zauna ya saurari abin da ke cikin shafin, a naɗe kusurwar takardar domin a san inda za a fara a kira na gaba.