Kurakuran da aka fi yi a maganin tarin fuka

Tsarin da aka saba na wata shida ne: wata biyu na isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol, sai wata huɗu na isoniazid da rifampicin kaɗai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne majiyyaci ya ajiye magani da zarar tari ya lafa, ya fara cin tuwo da kyau. Ƙwayoyin cutar da ke saurin hayayyafa ne suka mutu a makonnin farko. Akwai waɗanda ke kwance lamo a huhu, don su ake ƙara wata huɗun nan. A 2014 an fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje uku da suka nemi rage tsarin zuwa wata huɗu ta hanyar sa moxifloxacin ko gatifloxacin, kuma a dukkansu ciwon ya fi dawowa. Sai a 2021 aka samu na wata huɗu da ya yi nasara, mai rifapentine miligiram 1200 da moxifloxacin 400 kullum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Wannan tsari daban ne, ba tsohon ba ne aka yanke wa wutsiya.

Wanda ya fi wannan muni, a ganinmu, laifin ma'aikata ne: a ga magani bai ci ba, a ƙara wani sabon magani guda ɗaya tak a kai. Tun gwajin streptomycin na Birtaniya a 1948 aka san magani guda ba ya daɗewa ƙwayar cutar ta bijire masa. Idan kaki bai washe ba a ƙarshen wata na biyu, a tura shi gwajin GeneXpert, mai gano ko ƙwayar cutar ta bijire wa magani, a duba ko rifampicin na aiki, kafin a taɓa komai. Haka ma kuskure ne ba wa mai tsohon tari ciprofloxacin, ɗan'uwan moxifloxacin, a kemis: tarin ya ɗan lafa, ganowa ta yi jinkiri, a kuma lalata dangin maganin da za a nema gobe.

Sai awon nauyi. Ga babban mutum, rifampicin miligiram 10 ne ga kowane kilo, isoniazid 5. Wanda ya zo da kilo 45 ya murmure zuwa 56, adadin farko ya yi masa kaɗan, don haka a hau sikeli kowane wata. A sha maganin da safe kafin karin kumallo.

Fitsari ya yi ja ba komai ba ne, aikin rifampicin ne, amma a faɗa wa mutum tun ranar farko don kar ya tsorata. Ido ya yi rawaya da amai kuwa hanta ce, a tsaya a je asibiti ranar. Rifampicin na raunana ƙwayar tazarar haihuwa, kuma mai shan dolutegravir, maganin cutar ƙanjamau, sai ya koma miligiram 50 sau biyu a rana. Masu ciki da masu ciwon suga a haɗa musu da bitamin B6, saboda zugin tafin ƙafa da isoniazid ke jawowa.