Yadda ake zuwa filin yaƙin Burmi daga Gombe

Daga Gombe zuwa Bajoga babu abin koyarwa. Ka kama hanyar Potiskum, ka wuce Malam Sidi, sai Bajoga, hedikwatar ƙaramar hukumar Funakaye. Ka dai yi hattara da tirelolin simintin Ashaka, kuma ka fita da sassafe, kafin ƙarfe 7.

Inda baƙi ke shan wahala shi ne ɗan guntun da ya rage bayan Bajoga. Mutum ya dogara da taswirar waya, ya rubuta Burmi, alhali wasu Bormi suke rubutawa, wasu Mbormi, sai ya yi ta zagaye a hanyoyin gona har azahar. Ka ajiye wayar. Ka shiga tasha ka ce kabarin Sarkin Musulmi Attahiru kake nema, da wannan sunan aka fi sanin wurin. Ka zaɓi ɗan acaɓa ɗan gari, in da hali dattijo mai jin Fillanci, ya shige gaba motarka ta bi shi. Ku yi ciniki tun a tasha: zuwa, jira da dawowa, kuɗi ɗaya, kuma kada ka biya duka sai kun dawo. In ƙaramar mota ce mai ƙasa-ƙasa, barinta a Bajoga ka hau babur ya fi arha a kan gyaran salansa.

Lokacin zuwa rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina laka na riƙe taya, amfanin gona ya rufe fili, ba ka ganin shimfiɗar wurin balle ka gane yadda aka yi artabun.

Kada ka wuce kai tsaye wurin kaburbura. Ka fara gaida mai gari ko wakilinsa, ka faɗi abin da ya kawo ka, a haɗa ka da wanda zai nuna maka. Ɗan goro a hannu ya wadatar.

Ka san tarihin kafin ka taka wurin. Attahiru na ɗaya ne, ɗan Ahmadu, wanda ya bar Sakkwato bayan yaƙin Giginya da Turawan Ingila a Maris 1903 ya nufi gabas da niyyar hijira. A watan Mayu Turawa suka kai hari Burmi aka kora su. Suka dawo ranar 27 ga Yuli, a nan aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci sojojin bai tsira ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da sauran jama'a har Sudan.

Makabarta ce, ka yi sallama da addu'a, ban da ɗibar ƙasa ko taka shuka. Ka riƙo ruwan sha daga Bajoga, ka nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, ka juyo kafin la'asar.