Yadda ake haɗa taswira da tarkacen roba

Ni malamar firamare ce a Argungu, kuma wannan aikin nakan sa ɗalibaina su yi shi da rani. Dabarar ta Tony Cragg ce, masassaƙin Ingila da aka haifa a Liverpool a 1949. Sai da ya yi aiki a ɗakin binciken roba kafin ya shiga makarantar zane. A 1977 ya ƙaura zuwa Wuppertal a Jamus, ya yi zamansa a can. A 1981 ya tsinci fasassun robobi, ya jera su a bango suka fitar da taswirar Birtaniya a kwance, kamar yadda wanda ya bar gida yake hango ƙasarsu daga nesa. A 1988 aka ba shi kyautar Turner, lambar yabo ta masu fasaha a Birtaniya.

Mu taswirar Kebbi muke yi.

A fara da tsintuwa. Murfin gorar lemo, bakin buta, kunnen bokiti, tsinkakken silifa, mataji mai karyayyun haƙora, duk suna da amfani. Yaro kada ya sa hannu a bola ba tare da babba a kusa ba, kuma ban da kwalba, reza ko kayan asibiti. Idan shuɗi ya yi ƙaranci, 'yan bola-jari suna da shi. A jiƙa a ruwan omo, a dirje, a shanya a inuwa.

Sai a ware launi-launi. Cragg ma ya yi haka a 1978, inda ya shimfiɗa robobi a ƙasa bisa jerin launukan bakan gizo.

A zana iyakar jihar da alli a kan faffaɗan katako. Kada a taɓa gam tukuna. A kwantar da katakon a ƙasa, a fara jera bakin iyaka da ƙananan murafai, don su ne ke fitar da lanƙwasa. Manyan su shiga tsakiya. Shuɗi mukan ajiye wa Kogin Kwara, daga wajen Lolo ya gangaro Yawuri, da kogin da ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya same shi.

Abin da nake dagewa a kai shi ne kada a yanka roba don ta shiga gurbi, kada kuma a yi mata fenti. Buta ta tsaya a butarta. A bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin kowane yankin roba da na kusa da shi, domin idan suka cushe sai aikin ya koma tarin shara. Ina so wanda ya matso ya gane matajin, wanda ya ja baya ya ga Kebbi.

Don haka a riƙa ja da baya ana dubawa. Nakan ɗora yaro a kan benci in ce, "Ɗana, ina Zuru?" In ya nuna ba tare da lalube ba, to an dace. Daga nan a ɗaga yanki ɗaya-ɗaya a sa gam, masu nauyi a kafa musu ƙaramar ƙusa. A bar shi ya kwana a kwance, sannan a rataye inda rana ba ta duka, don tana kashe launin roba.